Tiya biyu a ɗaki ɗaya

  

Akwai wani tsohon kwano rataye a bangon ɗakina, gindinsa a lotse. Duk baƙon da ya shigo sai ya tambaye ni me ya hana ni yar da shi. Na daɗe ina kauce wa amsa. Yau zan ba da ita gaban kowa, don kaka ta matso, kuma na san wannan magana ba ni kaɗai ta shafa ba.

Ni Kirista ne, waɗanda suka san ni sun san haka. A nan aka haife ni, a nan na girma. Mahaifina Ba'are ne daga wajen Dogon Dutsi, neman aiki ya kawo shi Tukunus, wurin kiwon shanun Azawak, ya yi leburanci shekaru, daga baya ya dawo cikin gari da zama. Da addininsa ya zo, kuma ba wanda ya taɓa tsangwamarsa a kai. Mu ƴan kaɗan ne a ƙasar nan, ana iya ƙirga gidajenmu da yatsu. Ranar Lahadi muna taruwa da sassafe a gidan wani ɗan'uwa mu yi sujada, kuma kowa ya san Lahadi ita ce ranar kasuwar Filinge. Ku riƙe wannan, zan komo kanta.

Abin da Baba ya fi ji da shi a duniya shi ne Littafi Mai Tsarki nasa na Hausa. Naɗe yake cikin ƙyalle, cikin akwatin ƙarfe, tare da takardun haihuwarmu. Yakan ba mu labarin wahalar da aka sha kafin Littafin ya zo cikin harshenmu. Wani yaro ɗan ƙasar Damagaram mai suna Dorugu ya bi Bature matafiyi Barth har Ingila a 1855, can wani mai wa'azi, Schön, ya zauna da shi yana ɗaukar Hausa daga bakinsa yana fassara. Daga baya Dokta Miller na Zariya da abokan aikinsa suka ɗora, har aka buga Littafin cikakke a 1932. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, asibitin Galmi kuma an buɗe shi a 1950. Baba yakan ce mutane sun ƙare rayuwarsu don maganar nan ta iso kunnenmu da harshen da muka sha a nono. Da ya rasu, Littafin ya dawo hannuna. Na bar shi cikin ƙyallensa, cikin akwatinsa. Gaskiya, kamar laya na riƙe shi: yana gida, to gida ya tsaru. Karatuna na lakwal bai yi nisa ba, kuma ban ga abin da zai sa in wahalar da idona ba, tunda ba na shan giya, ba na neman mata, ba na fashin sujada. A lissafina na gama da Allah.

Na shiga sana'ar hatsi ina saurayi. Wanda bai san ta ba, ga yadda take. Da kaka muna bin ƙauyuka da ƙananan kasuwanni muna saye, lokacin da manomi ke bukatar kuɗin haraji, kuɗin biki, kuɗin biyan bashi. Mu tara mu ajiye. In bazara ta yi, rumbuna sun yi ƙasa, har zuwa tsakiyar damina, sai mu fito da shi mu sayar, sau da yawa ga mutanen da muka saya a hannunsu. Buhu mai kilo 100 tiya 40 ne. Wannan duka halal ne, kasuwa ce, wani lokaci ka ci wani lokaci ta ci ka.

Abin da ba halal ba shi ne wanda na koya a shekarata ta biyu. Tiya biyu gare ni. Ta saye, an bubbuga gindinta daga ciki ta yi zurfi. Ta sayarwa, an bubbuga daga waje gindin ya taso. In ka ajiye su gefe da gefe ba za ka ce komi ba, kala ɗaya, baki ɗaya. Sannan ga aikin hannu: in kana saye ka kafa tafin hannu a bakin kwano tozon ya hau, in kana sayarwa ka zuba da sauri ka juye kafin tozon ya zauna. Wanda ya iya, in ya samu mai sayen da ba ya kallo, cikin tiya goma guda tasa ce. A ƙarshe sai ka ɗebi ɗan hannu ka ƙara masa ka ce ga gyara. Ya tafi yana sa maka albarka. Da hatsinsa ka yi masa gyaran.

Ban taɓa kiran wannan sata ba. Wayo nake ce masa. Ina ce wa kaina kowa na yi, kuma ga kuɗin mota, ga ɓera, ga ƙwari, ga lalatattun buhuna, dole mutum ya fid da asararsa wani wuri.

Duk wanda ya kai shekara talatin ya tuna 2005. Ruwa ya ɗauke da wuri a daminar 2004, fara ta sauko ta gama da abin da ya rage. Kafin sabon hatsi ya nuna, buhu ya doshi jika 30, dabbobi kuma sun faɗi warwas, akuya ba ta sayen abin kirki. Mata na yini a daji neman ganye da anza. Ni kuwa ina da ajiya. Shekarar da mutane suka fi kuka, ita ce shekarar da na ɗaura wa ɗakina kwano.

Wata Lahadi cikin watan Yuli na shekarar, wata tsohuwa ta zo rumfata. Daga wani ƙauye take, wajen Shikal. Ta sayar da akuyarta ta ƙarshe, kuɗin na ƙulle a bakin zane. Ta wuce rumfuna uku ta tsaya gabana.

Ta ce: «Ɗana, kai ne ɗan mishan ɗin? An ce mani ku ba ku tauye awo. Shi ya sa na taho wurinka.»

Na ce: «Haka ne, Inna. Zamna ki huta.»

Tiya na dala 150 ranar. Ta biya kuɗin goma. Ba ta ko kalli hannuna ba, tana ta ba ni labarin jikokinta huɗu da ubansu ya bar mata ya tafi Kwatano neman abin rufin asiri. Na ɗauko ƙaramar tiya. Na auna, na yi gyara, na ɗaure mata bakin buhu, na taya ta ɗorawa a amalanke. Ta riƙe hannuna ta yi mini addu'a mai tsawo. Awa biyu kafin nan ina zaune wurin sujada ina waƙa.

Bayan kaka na ji daga wani mutumin garinsu cewa ƙaramin jikan nata bai ga ƙarshen damina ba. Yara da yawa sun tafi shekarar, zazzaɓi da tamowa sun haɗu. Ba na cewa tiyata ta kashe shi, Allah shi ya san kwanan kowa. Amma na san tiya guda abincin yini ne cur a gida irin nata. Na ji labarin, na ce Allah ya ji ƙansa, na ci gaba da awo. Shekara goma maganar ba ta hana ni barci ko sau ɗaya ba.

Abin da ya sa na buɗe akwatin Baba fushi ne. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 aka ƙona majami'u a Damagaram, washegari Asabar aka ƙona fiye da 40 a Yamai, saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta Faransa ta yi, abin da ba mu da hannu ciki kuma ba mu yarda da shi ba. Mutane goma suka rasa ransu. Nan Filinge ba wanda ya taɓa mu, maƙwabtanmu Musulmi ma har gida suka zo yi mana jaje, kuma a Yamai ɗin kanta Musulmi da dama sun ɓoye maƙwabtansu Kirista cikin gidajensu. Duk da haka zuciyata ta yi baƙi. Na ji shugabanninmu a rediyo suna maganar gafara, na ji haushinsu. Na ce bari in nemi wurin da Littafi ya faɗi hukuncin azzalumai, in ji sanyi. Wato na shiga Littafin ne neman laifin wasu.

Na ciro shi, idona ya kasa ƙananan baƙaƙen. Sai ɗiyata ta ce akwai wanda aka karanta da murya, ana sa shi a katin salula. Ta samo mini. Na ce tunda ban san inda abin da nake nema yake ba, bari in faro daga farko. Kullum bayan cin tuwo in sa salula bisa tabarma in kishingiɗa. In muna hanyar Balleyara cikin mota in toshe kunne da waya. Labarin Nuhu, Ibrahim, Yusufu da ƴan'uwansa, Musa da Fir'auna, duk na ji daɗinsu. Inda aka shiga dokoki na riƙa gyangyaɗi.

Wani dare ina tsakanin barci da farke, mai karatun ya kai Kubawar Shari'a sura 25. Wajen ƙarshen surar akwai doka a kan ma'auni. An hana mutum ya ajiye ma'auni iri biyu a gidansa, babba da ƙarami, kuma an ce mai yin haka abin ƙyama ne a wurin Allah. Na tashi zaune. Tiyoyina biyu na nan ƙarƙashin gado, in na miƙa ƙafa zan taɓa su. Dokar har da ajiyewa a gida ta ambata, sai ka ce wanda ya rubuta ya leƙa ƙarƙashin gadona.

Na kashe salula. Mako uku ban sake kunnawa ba.

Da na komo sai na yi dabara. Na ce wannan Tsohon Alkawari ne, dokokin Isra'ilawa ne na zamanin da, mu kuwa mutanen alheri ne. Na sa ɗiyata ta tsallake mini zuwa Sabon Alkawari, ta sa mini Luka. Dare na biyu na isa sura 6, inda Yesu Almasihu ke gargaɗi cewa mudun da mutum ya yi wa wani awo da shi, shi za a ɗauko ranar da za a auna masa. Na ce kai! Na daure na ci gaba. Cikin mako na kai sura 19, labarin Zakka, babban mai karɓar haraji a Yariko, gajere, wanda ya hau itace don ya hangi Yesu. Yesu ya sauka gidansa, mutane na gunaguni. Abin da ya tsaya mini shi ne abin da Zakka ya yi da bakinsa, ba wanda ya tilasta shi: ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, kuma duk wanda ya cuta zai mayar masa ninki huɗu. Sai bayan wannan alkawari Yesu ya yi maganar ceto ya shigo gidan.

Daren nan ne fuskar tsohuwar Shikal ta dawo mini, da hannunta cikin nawa. Na tuna abin da ta ce. Sunan Almasihu ne ya kawo ta rumfata, da sunan nan na yi tarko. Waɗanda suka ƙona majami'a gini suka ƙona, an sake gina shi. Ni kuwa shekara ashirin ina ɓata sunan da aka rubuta a ƙofar ginin, kowace Lahadi, ba wanda ya ji hayaƙi.

Da asuba na gaya wa maiɗakina. Ina tsammanin za ta firgita. Ko kai ba ta ɗaga daga turmi ba.

Ta ce: «Maigida, wa ka sharar ɗakin nan? Ni ka sharar shi. Tun shekarar da anka kawo ni na san tiya biyu na ƙarƙashin gado.»

Na ce: «To don mi ba ki taɓa magana ba?»

Ta ce: «Na yi. Ka ce mace ba ta san kasuwa ba. Sai na koma gaya ma Wanda ya san ta.»

Na je wurin dattijon da ke jagorantar sujadarmu, tsohon malamin lakwal ne. Na yi zaton zai lallashe ni ya ce Allah mai gafara ne, shi ke nan. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce in je in saurari Amos sura 8 in dawo. Na je na ji. Annabin na faɗa ne da ƴan kasuwar hatsi waɗanda ke ƙosawa ranar hutu ta wuce su buɗe buhu, masu rage mudu su ƙara farashi, masu haɗa ƙaiƙayi da shara cikin hatsi su sayar wa talaka. Na tuna yadda nake duban agogo kowace Lahadi wurin sujada, ina jin haushin wanda ya ja addu'a, don kada motocin ƙauye su riga ni. Na koma na ce: «Baba, na ji.» Ya ce: «To gafarar Allah kyauta ce, ba ka iya sayenta da buhu. Amma hatsin mutane na hannunka. Mi za ka yi da shi?»

Maƙwabcina malami ne, muna shiri tun muna yara. Shi ma na gaya masa. Ya yi shiru, sannan ya ce a Alƙur'ani akwai sura guda sukutum da ta buɗe da masu tauye awo, Suratul Muɗaffifina, kuma mutanen Annabi Shu'aibu, mutanen Madyana, tauye mudu na cikin abin da ya halaka su. Ya yi dariya ya ce: «Maƙwabci, ka ga ni da kai ba mu da wurin gudu. Ta nan an tare, ta can an tare.» Ya ce shi ma ya sha yin wa'azin, ana cewa amin, Lahadi ta zo a koma gidan jiya.

Abu na farko mai sauƙi ne a baki. Na sayi sabuwar tiya, na gwada ta da ta mutane uku, na ce da ita zan saya da ita zan sayar. Babbar na ba maƙeri ya fasa. Ƙaramar na rataye a bango. Amma shekarar farko na ga ribata ta ragu fiye da yadda na zata, a nan na gane yawan abin da nake ci na mutane. Ɗakin da na fara ginawa ya tsaya shekara uku ba rufi. Ɗiyata da ta samu wurin karatu a Yamai sai da ta jira shekara guda. Ta yi kuka, kuma ban da abin ce mata sai gaskiya. A kasuwa wasu abokai suka sa mini suna waliyyin tiya. Wani ya ja ni gefe ya ce ina tona musu asiri, don mutane sun fara auna nawa da nasu. Akwai wanda har yau gaisuwarmu ba ta wuce ina kwana ba.

Abu na biyu shi ne mai wuya: mayarwa. Mutum dubu nawa na auna wa cikin shekara ashirin? Wa zan nema, wa zan bari? Waɗanda na sani, abokan cinikin kullum, na riƙa ƙara musu ina gaya musu dalili. Wasu suka yi dariya, wasu suka yi fushi suka daina zuwa, wata ta ce in riƙe abina Allah ya isa. Sauran da ban sani ba, muka shirya da maiɗakina kowace damina mu fid da buhu mu raba wa gidajen da ba mai nema musu. Amma tsohuwar nan ita ce ta hana ni sakat.

Da bazarar 2016 na ɗora buhu guda a amalanke na nufi ƙauyensu. A lissafin Zakka tiya huɗu ake bi na. Na ga ba zan iya shiga garin da tiya huɗu ba. Na yi tambaya aka nuna mini gidan. Ta rasu shekara biyar da suka wuce. Ɗanta ne ya fito, wanda ya je Kwatano. Muka gaisa, aka kawo hura, na kasa sha. Na gaya masa duka, da ranar, da farashin, da irin kwanon.

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ce: «Bawan Allah, ai mun sani. Da tad dawo gida ta auna da tiyarta, tara ta samu da ɗan kaɗan. Maƙwabta sunka ce ta koma ta yi ƙara. Tac ce a'a, ta riga ta sa mishi albarka, ba ta maida ta. Tac ce a bar shi da Allahn da ya ce shina bi.»

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba, gaban mutane, ni da furfura. Shekara goma sha ɗaya ina ganin na yi wa tsohuwa wayo. Ashe tun ranar ta sani, ta miƙa ni inda ba ni da mafita.

Na roƙe shi gafara. Ya ce nasa haƙƙin ya yafe, da na yaran da ke raye. Na tsohuwa da na yaron da ya rasu, ya ce ba shi da ikon yafewa a madadinsu, wannan tsakanina da su da Allah. Gaskiya ya faɗa, ban yi gardama ba. Buhun ma da farko ya ƙi karɓa. Sai da wani dattijo ya sa baki, ya karɓa, ya ɗebi tiya guda ya kai ɗaka, sauran ya sa aka raba wa gwauraye mata na garin, sadaka ga mahaifiyarsa. Tun daga nan in ya shigo kasuwa rumfata yake ajiye kayansa.

Kada wani ya ji wannan ya ɗauka na zama wani abu. Hannun da ya yi shekara ashirin yana wayo bai manta ba. Har yau in kasuwa ta cika, mai saye na waige-waige, ina jin tafin hannuna na son yin abin da ya saba. Kuma lokacin da muke ciki ya fi 2005 jaraba. Tun da rashin tsaro ya mamaye arewacinmu, wajen Abala, Sanam da Banibangu, mutane sun bar gonakinsu sun gangaro. Ba mu manta 15 ga Maris 2021 ba, ranar da aka kashe aƙalla mutum 58, ciki har da masu komowa daga kasuwar Banibangu. An hana hawan babur, wasu kasuwannin ƙauye sun mutu, bayan Yuli 2023 kuma rufe iyakoki ya ƙara wa kaya tsada. Matar da ta gudo da zane ɗaya ba ta da tiyar da za ta sake aunawa a gida. Ba ta san kowa ba, ba ta da wurin ƙara. In ka tauye ta ba mai sani sai kai da Mai sama. Shi ya sa ban daina sauraren Littafin ba, kowane dare, ko sura guda. Na lura in na yi mako ban ji ba, lissafina na da sai ya fara dawowa da hujjojinsa masu daɗi.

A ɗan taronmu na ga irin wannan ga wasu. Akwai ɗan'uwan da hannunsa ke da sauri kan matarsa, sai da ya ji inda aka umarci miji ya ƙaunaci matarsa kamar jikinsa, ya je gidan surukansa da ƙafarsa ya ba da haƙuri. Akwai uwar da ta koyi karatu tana da jikoki, don ta ce ta gaji da jiran wani ya karanta mata. Akwai kuma waɗanda suka haddace ayoyi fiye da ni nesa, amma in sun buɗe Littafin laifin maƙwabci suke nema, kamar yadda na yi a Janairun 2015. Ni dai abin da na gani a kaina, muddin ina karanta shi don in kama wani, ban motsa ko taki ɗaya ba. Ranar da ya kama ni ne abubuwa suka fara canzawa, kuma canjin ya ci mini kuɗi, ya ci mini abokai, ya sa na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Barcin da nake yi yanzu kuma ban taɓa yin irinsa ba lokacin da ɗakina ke cike.

Ƴan'uwana Kirista na Kurfey, na Arewa, na Yamai: mu kaɗan ne, ido na kanmu. Yawancin maƙwabtanmu ba za su taɓa buɗe Littafinmu ba, tiyarmu za su gani, da bashin da muka ci, da yadda muke da iyalinmu. In Littafin na cikin akwati, a ciro shi. In ido ya gaza, yaro ya sa maka a salula. Kuma in ka kai wurin da ya sa ka kashe salular, to ka koma wurin.

Abokan sana'ata, Musulmi da Kirista, hatsi ya fara nuna, nan da ƴan makonni za mu bazu ƙauyuka. Kowa ya san abin da ke ƙarƙashin gadonsa. Ban kira sunan kowa ba, nawa na kira.

Wanda kuma ya taɓa awo a hannuna kafin 2015, ko mahaifiyarsa ta taɓa, yana bi na. Ina rumfa kowace Lahadi da hantsi, bayan mun tashi sujada. Ya zo da tiyarsa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kawo mana zaman lafiya a Kurfey da Nijar baki ɗaya. Amin.